Faifan 'Yan Tsumma da Kunnen Kaka

Kakana ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a gindin dabino, a wata gona ta unguwar Awali a Madina inda ya yi aiki tun kafin a haife ni. Abokan aikinsa sun ɗauka hutawa yake yi, har ɗaya ya ajiye masa shayi kusa da ƙafa. Washegari aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga can, saboda haka abin da na gani na ƙarshe shi ne bayan motar da ta ɗauke shi tana karya kwana wajen shagon unguwa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kaka dai ya riga mu.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, maza a waje kan kujerun haya, mata a ciki har bakin banɗaki. Ni aka ɗora wa zuba gahawa, kuma abin da na zuba ya isa a shayar da dabinon Awali kaf, a aika wa na Badar ragowa. Kowace mata ta shigo sai ta rungume Sitti, wato kakata mace, ta ce azzamallahu ajrakum, ta zauna ta fara yabo. Wata tsohuwa daga unguwar Bani Harisa ta ce shekara ashirin tana ganinsa, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wata ta ce shi da kututturen dabino ba a san wanda ya fi wani haƙuri ba. Matar limamin unguwa ta gyara zama ta ce mijinta ya shaida, wannan bawan Allah kiɗa da waƙa ba su taɓa ratsa kunnensa ba.

Nan dariya ta kufce mini ta hanci, gahawa ta zube a kan abayar wata baƙuwa. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi mini mintsinin da har yau zan iya nuna muku wurin. Sitti kaɗai ta ɗago kai ta dube ni, don ita ma ta san abin da na sani. Ni na taɓa jin Kaka yana ihu kamar akuyar da ƙofa ta datse wa wuya, da jita a hannunsa, ganguna na binsa a guje. Dariyar ba ta daɗe ba, domin akwai abin da na yi masa wanda babu wanda ya sani a ɗakin nan, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Mutumin da matan nan suka yaba mutumin kirki ne, amma rabin kakana ne. Ina so ɗaya rabin ma ya samu wanda zai tuna shi.

Kaka kurma ne. Ba haka aka haife shi ba, kunnen ne ya yi ta tafiya kaɗan-kaɗan, kafin in gama firamare ya tafi gaba ɗaya. Yana karanta leɓe, amma leɓen Hausa kawai. In na yi masa Larabci sai ya dubi rufin ɗaki ya tambayi wanda ya bar tantabara ta shigo. Sauran jikoki suna jin Hausa su amsa da Larabci, suka gaji suka bar shi. Ni da bakina ba ya iya zama shiru dole na koya, har ya koya mini rubutun boko a bayan kwalin dabino don in riƙa rubuta masa abin da leɓe ya kasa. Da haka na zama kunnensa. Ni ke gaya masa an kira salla, ni ke gaya masa abin da likita ya ce, ni ke gaya masa Sitti tana faɗa da kuma dalilin faɗan.

Ba ya fara komai sai ya ƙirga huɗu. Bayan bisimilla sai ya buga yatsa a gefen tire sau huɗu da sauri, sannan ya sa hannu. Haka kafin ya shiga mota, haka kafin ya hau dabino. Wani abokin aikinsa ɗan Nijar ya shekara yana kwaikwayonsa, yana zaton addu'ar tsari ce daga faɗowa.

Yana kuma da wata magana da yake yawan yi, wai duk zancen da ya wuce minti biyu an fara zuba masa ƙarya. Ni kuwa labarina mafi gajarta minti arba'in ne. Shi ya sa yake ce mini Amarya gidan rediyo, ni ina ce masa angona kurma. Kullum sai ya sake ni da safe saboda surutu, ya mai da ni da yamma da sadakin dabino uku.

Ina shekara goma sha ɗaya na gaya wa yaran maƙwabta cewa akwai aljani a tankin ruwan bene, mai haƙori ɗaya da jar hula. Yaran suka yi mako ba su yi wanka ba, uwarsu ta kawo ƙara, Baba ya ɗauko wayar wuta. Kaka ya shiga tsakani ya ce a bar yarinya, shi ma ya ga aljanin, sai dai hular ba ja ba ce sosai. Baba ya tsaya da waya a hannu, bai san ko ya yi dariya ko ya ƙaryata ubansa ba. Da kowa ya watse Kaka ya kama haɓata ya juyo da fuskata wajensa, yadda yake yi in yana so in ji da kyau.

"Ki yi ta yi wa duniya, Amarya, ban hana ki ba. Amma kada ki yi mini. In kin yi mini, ba ni da inda zan je in tambaya."

Na ce na ji, na rantse da kabarin aljanin.

Akwai wani kaset da na tsinta a cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin buhuna a ɗakin ajiya, ina neman inda Sitti ke ɓoye alewa. An rubuta 'Yan Tsumma a jikinsa. Na kai masa ina rawa, na ce ko ya ba ni labari ko in kai wa Baba. Ya ba ni, amma a zama huɗu, kowane minti biyu.

A Kaduna ne, lokacin yana aikin gyaran jirgin ƙasa, shi da ƙanensa da abokai biyu. Wani Bature malamin makaranta da zai koma gida ya bar musu kaset na wani kiɗa da ake ce wa fank. Kaka ya ce kiɗa ne na mai fushi wanda bai iya kiɗa ba: da sauri, da ƙarfi, ba ado, a faɗi abin da ke rai a sauka. Suka ce in dai fushi ne ai su ma suna da shi. Suka yayyage rigunansu suka maƙale da fil, suka haɗa lasifika da ƙahon tsohon jirgi, suka riƙa waƙa da Hausa a kan tsadar gari da mai gidan haya da kwarkwata. Kaka ne mai jita da ihu, ƙanensa ne mai ganguna, shi ke buga sanda sau huɗu kafin kowace waƙa. An kore su daga otal uku, an jefe su da tumatir a bikin wani ɗan kasuwa, suka kwashe tumatirin suka yi miya. Shekara shida suna haka, kuma ƙahon jirgin nan shi ya fara cin kunnen Kaka.

Ranar ƙarshe sun kama ɗakin naɗar sauti na yini ɗaya. A waƙar ƙarshe wani ya riga lokaci, waƙar ta wargaje tun daga farko. Kaka ya ce ƙanensa ne, ya mare shi a gaban mutane, ya fita. Ya sayar da jita ya zo hajji, ya samu aikin gona ya zauna, daga baya ya ɗauko Sitti da Baba da Goggo. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsa da ƙanen ba. Na sa kaset ɗin a ɓoye don in ji da kunnena, amma kwafin kwafi ne, ya sha zafin Madina, wurin da abin ya faru ba a jin komai sai shuu kamar ruwan sama a kan kwano.

A hajjin bara wani alhaji ɗan Kaduna ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu, ya miƙa ambulan daga ƙanen Kaka. Ba wasiƙa. Faifai ne, da hoton wasu samari huɗu sirara kamar an yi musu aron wuya, Kaka a tsakiya da gashi kamar tsintsiyar da ta ga wuta. Ashe wasu mutanen ƙasashen waje masu farautar tsofaffin kiɗa sun gano ainihin zaren da aka naɗi sautin a kai, suka tattara waƙoƙin 'Yan Tsumma daga ta fari har ta ƙarshe, har da waɗanda suka lalace. A bayan kwalin ƙanen ya zagaye lambar waƙa ta ƙarshe da biro, a bayan ambulan kuma ya rubuta lambar waya.

Ɗan Goggo ne mai kwamfuta a danginmu, kuma in ya fara bayani sai an yi salla biyu. Ya ce waƙoƙin da yara ke tura wa juna a waya matsattsu ne, kamar dabinon da aka danna a buhu, an zubar da wani abu don ya shiga. Wannan kuwa ba a matse shi ba, ba a zubar da komai ba, kamar ɗanyen dabino ne da aka tsinko yanzu. Duk abin da ya yi motsi a ɗakin nan ranar, ko numfashi ne ko kukan kujera, yana ciki. Na rubuta wa Kaka wannan a kwali. Ya karanta sau biyu, ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce sautin ya zo da tsabtarsa bayan mai kunnen ya tashi daga gidan.

Ranar Alhamis bayan azahar, Baba ya fita, muka kulle kanmu a ɗakin ajiya. Ɗan Goggo ya haɗa lasifika, ya ji waƙa biyu, ya ce kansa zai fashe, ya tafi ƙwallo. Aka bar ni da Kaka. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kamar an zuba tukwanen gidan biki daga saman bene, wani kuma yana binsu yana zagi. Amma a cikin hayaniyar akwai muryar wani saurayi da na sani ban sani ba, yana jan numfashi kafin kowane baiti, yana dariya in ya manta kalma. Na ji yatsunsa suna zamewa a kan waya. Na ji wani yana cewa a buɗe taga. Kaka na gefena, tsoho mai faskararren tafin hannu, idonsa a rufe, yana jin bugun babbar ganga kawai ta cikin fata. Waƙa ashirin da wani abu, duk ba su cika awa ɗaya ba.

Da muka zo ta ƙarshe ya ce in tsayar. Ya ce ƙarar sanda siririya ce, ba ta ratsa hannu, jita ma haka. Ya kama haɓata.

"Ki saurara da kyau, Amarya. Wa ya riga?"

Na saki waƙar. Wani ya yi tari. Kujera ta yi ƙara. Sanda ta buga ɗaya, ta buga biyu, ta buga ta uku, kafin ta huɗu jitar Kaka ta faɗo. Ganguna suka bi ta da gudu don su rufa mata asiri, suka kasa, komai ya zube. Aka yi shiru. Sai wata murya a hankali, can nesa da makirfo, ta ce, "Ba komai, Yaya, mu sake." Sai muryar Kaka tana zagin uwar ƙanensa, wadda ita ce tasa uwar. Sai mari. Sai sanda ɗaya ta faɗi ƙasa tana gangarawa, ina jin ta har ta tsaya.

Na mai da shi baya sau uku, ko zai canja. Kaka yana kallon bakina. Har yau ban sani ba ko tausayi ne, ko kuwa bakina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na miƙe na ɗauki ludayi biyu, na yi masa wasan ƙanensa yana afka wa ganguna kamar jakin da zuma ta harba, tun ba a gama ƙirga ba, na faɗi a kan buhu na harba ƙafa sama. Wasa ne mai kyau, da a gaban yaran maƙwabta na yi shi da sun yi fitsari.

Kaka bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko ƙanen bai ce komai ba bayan nan. Na ce babu. Ya ɗauke hannunsa daga lasifika, ya goge shi a riga, ya ce to, ai dama ya faɗa. Ya fita ya yi alwala tun la'asar ba ta yi ba.

Na yi niyyar gaya masa. Na ce bayan jarrabawa, sannan na ce bayan azumi, sannan na ce sai ranar da na ga yana cikin nishaɗi. Sau biyu na rubuta a kwali na yage. Wata bakwai ina zuba masa shayi, ina gaya masa an kira salla, yana sakina da safe yana mai da ni da yamma. Sai Talatar nan ta zo.

Baba ya dawo da abin da aka samu a aljihunsa: carbi, katin iƙama na zaman ƙasa, wuƙar yankan dabino, da katin waya na kiran ƙasar waje, ba a kankare shi ba, gefensa duk ya yi laushi don daɗewa a aljihu. A rana ta uku Sitti ta kira ni ɗakin da take takaba, ta sa mini katin a hannu. Ta ce da safen Alhamis ɗin da muka saurari faifan ya saye shi. Ya gaya mata in yarinyar ta ce shi ne ya riga, zai sa ta buga lambar, shi ba sai ya ji komai ba, ƙanen ne ke bukatar ji. Ta ce bayan nan bai ƙara ta da maganar ba, amma duk ranar da za ta wanke rigarsa sai ya cire katin ya mai da shi cikin wadda zai sa. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta tambaya da ya fi mini sauƙi.

A ranar ne kuma Baba ya gano faifan. Ya ce duk wanda ya saurare shi nauyi ne ake ƙara wa ubansa a kabari, shi kuwa ba zai bari ba. Ya karya shi biyu a gwiwa yana kuka kamar yaro, ya haɗa da kaset ɗin, ya sa ɗan Goggo ya goge na cikin kwamfuta. Ban ga laifin Baba ba, son ubansa yake yi ta hanyar da ya sani. Ni da ke da baki kamar famfon da ya lalace, ko uffan ban ce ba.

Washegari da hantsi, maza sun fita mai da kujerun haya, na kankare katin da ɗan kunnena na buga lambar. Wani tsoho ya ɗauka, da murya irin ta Kaka amma an rage mata gishiri. Labarin rasuwar ya riga ya kai masa. Da na ce jikar yayansa ce, ya ce ashe yana da amarya a Madina ba a gaya masa ba. Na yi masa ta'aziyya ya yi mini. Sannan na ce na saurari lamba ta ƙarshe, Kaka ne ya riga, ba shi ba.

"Wannan ai na sani tun ranar, 'yar nan. Ba don shi na zagaye lambar ba. Ya ji abin da na ce bayan nan?"

Wallahi labari ya riga ya haɗu a bakina, cikakke, da Kaka yana hawaye yana rungume lasifika yana kiran sunan ƙanensa. Da na sake shi da tsohon nan ya yi barci mai daɗi har ƙarshen ransa.

"Bai ji ba. Ya kurmance tun tuni. Ni ce kunnensa, kuma ban faɗa masa ba."

Ina jin kaji suna kuka a Kaduna, layin yana shuu kamar tsohon kaset ɗin. Can ya tambayi shekaruna, na ce sha shida. Ya ce to, Allah ya ji ƙan Yaya, ni ma Allah ya shirye ni, shi yanzu ba shi da ƙarfin fushi. Ya ce cikin mutum huɗun da ke hoton nan shi kaɗai ya rage, kuma hannunsa ba ya iya riƙe sanda. Ya ajiye waya. Na dubi agogon bango, maganar duk ba ta kai minti biyu ba.

Kaburburan Baƙi'a ba su da suna. Bayan mako guda Baba ya koma ziyara, ya dawo ya ce shi kansa ya kasa tantance wanne ne. Ni kuwa iyakata bakin katanga, in leƙa ta tsakanin ƙarafa in ga duwatsu iri ɗaya har inda ido ya tsaya.

Allah ya gafarta wa Kaka ihunsa da shirunsa da marin nan guda, ya yalwata masa makwanci. An ce waɗanda ke kwance suna jin sallamar mai ziyara. In haka ne, to kunnensa ya dawo, ba ya bukatata. Duk namijin da ya karanta wannan, in Allah ya sa ya shiga Baƙi'a, ina roƙonsa bayan ya yi sallama ya ƙara da Hausa, ba sai da ƙarfi ba, ta kowace fuska ya ga dama: ƙanenka ya ce ba komai, ku sake.